Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da Gonakin Ƙasar Katsina

 Ina gaida mutanen Dabawa, da na cikin garin Dutsin-Ma, da na Kurfi, da duk wanda muryar nan ta iske a gona, ko a shago, ko a bakin kasuwa.  

Yau shirinmu na faɗakarwa zai kai mu Kano, mu tsaya a tashar jirgin ƙasa. Na san akwai mai cewa, to mu ina ruwanmu? Dogo bai taɓa ratsa Dabawa ba, bai je Kurfi ba, ko birnin Katsina ma Turawa ba su kai shi ba. Haka ne. Sai dai abin da kakanninmu suka shuka a gona, da irin kuɗin da suka biya haraji da su, da goron da aka raba ranar ɗaurin aurensu, duk sai da tashar nan ta sa hannu a ciki. Ga shi kuma yanzu ana aikin sabon dogo da zai ratsa jiharmu. Gara mu san abin da tsohuwar tasha ta yi mana, da abin da ta kasa, kafin sabuwa ta iso.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Da ƙura ta lafa suka duba, sai suka ga ƙasa ce mai faɗi, mai jama'a, mai noma da sana'a, amma ta yi nisa da teku. Duk kayan da zai bar Kano zuwa bakin ruwa, sai dai a bayan jaki, ko takarkari, ko a kan ɗan dako, a yi makonni ana tafiya. A can Ingila kuwa masu masaƙu suna kukan auduga, sun gaji da dogara ga ta Amurka, har sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, a 1902. Suka ji labarin ƙasar Hausa, inda ake noman auduga da kaɗi da saƙa da rini tun kaka da kakanni, suka ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. A kai dogo Kano, auduga ta kwararo.

A 1907 gwamnatin Ingila ta amince da aikin. A shekarar ne kuma aka turo Percy Girouard ya gaji Lugga a mulkin Arewa, kuma ba banza aka zaɓo shi ba: injiniyan soja ne, mutumin Kanada, wanda ya riga ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. Abin da zai ba ku mamaki shi ne ba daga Ikko aka faro dogon Kano ba. Daga Baro aka faro, wani gari a bakin kogin Kwara cikin ƙasar Nufe. A lokacin Arewa da Kudu gwamnati biyu ce, kowace da baitulmalinta, kuma Turawan Arewa ba sa son kayansu ya dogara ga tashar Ikko. Dabararsu ita ce jirgin ƙasa ya sauke kaya a Baro, jirgin ruwa ya ɗauka ya gangara Kwara zuwa teku. Su kuma na Ikko suna turo nasu dogon, ya zo Badun a 1901, ya wuce Ilori, ya iso Jebba a 1909. Daga baya layukan biyu suka haɗu a Minna, aka haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Kwara kogi ne mai cika da janyewa, da rani manyan jirage ba sa iya hawowa, don haka ba a daɗe ba hanyar Ikko ta rinjayi ta Baro. Haɗuwar dogon nan tana cikin abubuwan da suka share fagen haɗe Arewa da Kudu a 1914.

A nan ina so mu ɗan dakata, don littattafai sukan ce "Turawa sun gina dogo" su wuce. Daga Baro zuwa Kano ya fi mil 350, kuma babu katafila, babu motar ɗibar ƙasa. Mutane ne, da diga da shebur da kwando a ka. Gwamnati takan yanka wa sarki adadin leburorin da take so, sarki ya yanka wa hakimai, hakimai su yanka wa dagatai, dagaci ya shiga gida gida. Nufawa da Gwarawa su suka fara ɗanɗana wannan aikin tilas, sannan mutanen ƙasar Zazzau, sannan na Kano. An bar gonaki ba noma, wasu sun gudu, wasu sun mutu a bakin aiki. An biya su lada, gaskiya, kuma da kuɗin ƙarfe aka biya, a zamanin da wuri ne kuɗin kasuwa. Mutane da yawa a wurin aikin dogo suka fara riƙe sule a hannunsu.

Ƙarfen dogo ya iso Kano a 1911, zamanin marigayi Sarki Abbas, a 1912 kuma aka buɗe shi ga fasinja da kaya. Mu a Katsina lokacin marigayi Sarki Muhammadu Dikko ne ke kan gado. Ba a shigar da tashar cikin birni ba, an ajiye ta a bayan ganuwa ta wajen gabas. Nan da nan wani sabon gari ya tsiro a kewayenta. Kamfanonin Turawa irin su Niger Company da John Holt suka kafa kantuna da sito-sito. Kwarori suka zo suka buɗe nasu. Ma'aikatan Reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Fagge, wadda dā zangon ayarin raƙuma ce, ta juya fuskarta daga hamada zuwa tasha. Ayarin Tarabulus da ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa Sahara, wanda dama ya fara rauni, sai ya ƙarasa durƙushewa, domin kayan da raƙumi zai yi watanni da shi, yanzu ya bi dogo da teku cikin makonni.

To, auduga fa? Auduga ba ta zo ba, aƙalla ba daga Kano ba. Manomi ya yi lissafinsa. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da yadda Bature ke tayawa, to me zai sa ya kai wa Bature? A gefe guda kuma ga kamfanoni suna neman gyaɗa ido rufe, saboda a Turai an gano yadda ake yin man shafa wa burodi da sabulu daga manta. Gyaɗa tana son jigawa, irin ƙasarmu. Ana shuka ta a tsakanin gero da dawa. Harawarta abincin dabba ce. Tana gyara gona. Idan kasuwa ta faɗi, ba a yi asara duka ba, a yi mai, a yi ƙuli-ƙuli, a ci. Auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Fataken goro, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja kuma suke da jari da yara a ko'ina, su suka shiga ƙauyuka suna raba gishiri da tufafi da kuɗi tun kafin kaka, a biya su da gyaɗa. Kakar farko bayan buɗe dogo, buhuna suka cika tashar Kano har Reluwe ta rasa taragun da za ta kwashe su. Ni a ganina babu wani babi a tarihin tashar nan da ya kai wannan daɗin ji. An shimfiɗa ƙarfe don biyan buƙatar masaƙun Ingila, talaka mai fartanya ya duba ribarsa ya sauya wa ƙarfen aiki.

Cikin fataken nan ne marigayi Alhaji Alhassan Dantata ya yi fice. Da goro ya fara, tsakanin Kano da ƙasar Gwanja, sannan ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa gyaɗa, ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma.

Yanzu bari mu dawo gida. Ta yaya wannan ya shafi mutumin Dabawa ko na Kurfi? Ta hanyar haraji da jangali. Da Turawa suka ce da kuɗinsu za a biya, ba da dawa ko wuri ba, dole magidanci ya nemi abin da zai sayar ya sami sule. Gyaɗa ce ta zama amsar. A ɓare ta, a zuba a buhu ko a mangala, jakuna da raƙuma su nufi inda sikeli yake, daga can a kai ta bakin dogo. Da motoci suka yawaita, sai kamfanoni suka matso da wuraren awo cikin garuruwan ƙasar Katsina, manyan motoci suna bin hanyar Kankiya da Bichi zuwa Kano. Tsakanin 1927 da 1929 kuma aka ja wani reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaurar Namoda. Wannan reshe shi ya ɗaga Funtuwa, kuma a can ne burin masu auduga ya cika, don ƙasar kudancin Katsina mai laka ce, ta karɓi auduga, aka kafa injunan gurza. Mu na tsakiya sai muka zama muna da ƙofa biyu, Kano ta gabas da Funtuwa ta kudu, ko da yake kowace sai an sha tafiya. A 1930 wani reshen ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru. Daga nan Kano ta zama mahaɗa, ba ƙarshen layi kaɗai ba.

Dalar gyaɗa kuwa kowa ya ga hotonta, ko a littafin makaranta ko a bango. Buhuna dubbai a jere, an ɗora wani kan wani har sama, leburori suna hawa da buhu a ka. Abin alfahari ne, ba musu. Amma akwai abin da ba a cika faɗi ba. Babban dalilin da ya sa dalar ta yi ta yawa, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, shi ne jirgi ya kasa kwashe abin da manoma suka noma. Injuna sun tsufa, taragu sun yi kaɗan, layin guda ɗaya ne. Sai gyaɗar bana ta tarar da ta bara tana jira, an lulluɓe ta da tamfol, ƙwari suna ci. Wanda ya kalli dala ya ga arziki bai yi kuskure ba, haka ma wanda ya kalle ta ya ga layin jira. Tun a ganiyar Reluwe ke nan, manomi ya fi ƙarfin dogon da aka yi masa. Kada kuma mu manta, daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanka farashin gyaɗa, tana saye a hannun manomi ƙasa da farashin duniya, rarar ta tafi ga gwamnati. Da wannan rarar aka yi ayyuka da dama a Jihar Arewa, amma daga aljihun manomi ta fito.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan tashar jirgin ƙasa ta Kano. Mu shiga cikin tashar mu ga ayyukanta, yadda dattawan da suka yi zamani da ita suka san ta.

Akwai ɓangaren fasinja. Ka tsaya a taga ka yanki tikiti, kuma kujeru hawa uku ne. Masu hali da manyan ma'aikata suna da ɗaki da gado, akwai na tsakiya, sannan ga na talakawa mai bencin katako, inda ake cunkushe da ƙunshin kaya da buta da tabarma. Daga Kano zuwa tashar Iddo a Ikko kilomita 1,126 ne. Jirgi ya tashi ya ƙetare Challawa, ya wuce Madobi da Ɗangora, ya tsaya Zariya, ya tsaya Kaduna, inda mai zuwa Kafanchan da Inugu da Fatakwal zai rabu da mai zuwa yamma. Sai Minna, Zungeru, Jebba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, sannan Ikko. A shekarun farko, kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin fito ake ɗora taragu a ƙetarar da su Kwara. Kowace tasha kasuwa ce: da jirgi ya tsaya masu talla sun yi caa a tagogi, a nan fura da nono, can gaba doya da lemo, ka san ƙasa ta sauya tun daga abin da ake miƙo maka. Ta wannan hanya 'yan ci-rani suka san Kurmi, 'yan makaranta suka tafi karatu, sojojin da aka ɗiba zuwa yaƙin Bama suka gangara bakin teku. Unguwannin Hausawa da ake kira Sabo a garuruwan Yarabawa, irin na Badun, da cinikin shanu da goro na kan dogo suka yi ƙarfi.

Amma fasinja ba shi ne ke riƙe da Reluwe ba. Kaya ne. Ɓangaren kaya ya fi na fasinja girma da hayaniya: rumfunan ajiya, sikeli, akawun da ke rubuta takardar kaya, 'yan dako, da ƙananan layuka da suka ratsa har ƙofar sito-siton kamfanoni. Abin da ke gangarawa Kudu shi ne gyaɗa, da fatu da ƙiraga, da wake, da albasa, da busasshen kifi da nama daga wajen Nguru, da shanu. Dā sai Bafulatani ko ɗan kore ya yi wata da watanni yana bin burtali da garke zuwa Kurmi, shanu su rame, tsando ya cije su, wasu su mutu a hanya. Da jirgi, kwana biyu ko uku sun isa. Abin da ke hawowa kuma gishiri ne, da kananzir, da kwanon rufi, da siminti, da atamfa da akoko, da sukari. Sai goro. Goron da dā madugu ke jagorantar ayari zuwa Gwanja a yi kusan shekara kafin a dawo da shi, ya koma zuwa a huhu cikin tarago, ɗanye shar, kuma nomansa ya bazu a ƙasar Yarabawa saboda kasuwar Arewa ta matso kusa. Shi ya sa goro ya sauko daga abin sarakuna da attajirai ya zama na kowa. Jakunkunan gidan waya ma a jirgi suke tafiya, wasiƙu da jaridu, kuma wayar tangaraho tana bin gefen dogo daga tasha zuwa tasha.

Ɓangare na uku shi ne wanda fasinja ba ya gani, wato Loko, inda ake kula da kawunan jirgi. Injin farko na tururi ne, cinsa kwal, shansa ruwa. Kwal daga Inugu ake kawo shi, ruwa kuwa sai an tanada a manyan tankuna a tashoshi, abin da ke da wuya a Arewa da rani. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara kawo injunan dizal. Aikin Reluwe a zamanin nan aiki ne na a zo a gani: direba, mai zuba kwal, gadi, mai duba tikiti, mai ba da hannu, makanikai, da leburorin da ke bin layi a ƙafa suna duba kusoshi. Suna da gidajensu da asibitinsu da ƙungiya mai ƙarfi. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya shafe fiye da kwana arba'in, ma'aikatan Reluwe ne ƙashin bayansa, da jagoransu Michael Imoudu. A 1955 aka mayar da Reluwe hukuma mai cin gashin kanta, lokacin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ministan sufuri.

Akwai wani abu da zai taimaka mana mu gane dalilin da ya sa jirgin ƙasarmu ya yi suna wajen latti. Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke. Ba su da wurin kauce wa juna sai a tasha, inda aka yi layi biyu ko uku. Saboda haka direba ba ya barin tasha sai an ba shi izini cewa babu kowa tsakaninsa da tasha ta gaba. Idan jirgi ɗaya ya lalace a daji, ko ruwa ya cinye gada, duk na gaba da na baya sun tsaya ke nan. Tsari ne mai kare rai, amma yana buƙatar inji mai lafiya da ma'aikaci mai kula. Da waɗannan biyun suka yi rauni, komai ya bi su.

Alƙaluman hukumar sun nuna a 1964 jiragen ƙasar Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma, a 1974, fasinja sun dawo miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan ɗaya da kaɗan. Me ya faru a tsakani? Rikicin 1966 ya faru, kuma tashar Kano ta ga baƙin ciki a wannan shekara, an zubar da jini a cikinta, dubban mutanen Gabas sun bar Arewa ta kan dogon nan, cikinsu har da ƙwararrun ma'aikatan Reluwe masu yawa. Allah kada ya maimaita mana. Yaƙin basasa ya biyo baya ya rufe layin Fatakwal. Sai farin farkon shekarun 1970, sai cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta durƙusar da nomanta. Sai kuɗin man fetur, da gwamnati ta zuba a tituna, tirela ta zo tana ɗaukar kaya daga ƙofar mai shi zuwa ƙofar mai saye. Dogon kuwa yana nan yadda Bature ya bar shi, da lanƙwasarsa da tsoffin gadojinsa. An ɗauko Indiyawa su gudanar da hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suka tafi, aka koma gidan jiya. An ba kamfanin Sin kwangilar gyara a 1995. Duk da haka aka wayi gari jirgin Ikko ya daina zuwa Kano, ciyawa ta rufe layi, masu kasuwa suka baje kaya a kansa.

Wani zai ce, ai tirela ta maye gurbi, me aka rasa? An rasa sauƙi. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta da tirjiya irin ta taya a kan kwalta, don haka inji ɗaya yana jan kayan da sai an tara tireloli masu yawa kafin su kwashe, da man da bai kai nasu ba. Kuɗin motar da aka ɗora wa buhun taki daga Ikko, manomin Dabawa ne ke biyansa. Kuɗin da aka kashe wajen kai bijimi daga kasuwar Charanchi zuwa Kudu, da na shingayen hanya, daga farashin da za a taya wa mai kiwo ake cire shi. Ga titunan da manyan motoci ke farfasawa, ga rayukan da ke salwanta. Mu da ba mu taɓa jin usur ɗin jirgi daga gidajenmu ba, mun biya kuɗin mutuwarsa.

A watan Disambar 2012, bayan gyara, jirgin fasinja ya sake tashi daga Ikko ya iso Kano, tafiyar fiye da awa talatin. Mutane sun yi murna, ya kuma yi araha fiye da mota. Sai dai tun daga lokacin zirga-zirgar takan tsaya ta dawo, saboda ambaliya, ko lalacewar layi, ko matsalar tsaro. Duk mai niyyar hawa, ya tura wani ya tambaya a tashar tukuna kafin ya baro gida da kayansa.

Sabon dogon da ake yi yanzu daban yake da tsohon. Faɗin tsakanin ƙarafan tsohon milimita 1,067 ne, na sabon 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan, shi ya sa ba gyara ake yi ba, sabon aiki ne da sabbin tashoshi. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021. A Yulin 2021 aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano a Zawaciki. Wanda ya fi shafar mu kuwa shi ne na Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021 zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. An tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya ƙetara iyaka, tsawonsa kilomita 280 da 'yan kai, da reshe zuwa Dutse. An yi ta surutu a wasu sassan ƙasar nan cewa me ya kai mu yi wa Nijar dogo. Wanda ya san Katsina ya san Maraɗi ba baƙuwa ba ce, zuriyar tsoffin sarakunan Katsina ne suka kafa sarautarta bayan jihadi. Ta fuskar ciniki kuma, Nijar ba ta da teku, a lokacin yawancin kayanta ta Kwatano suke bi, kuma duk tashar ruwan da ta samu wannan kaya ta samu kuɗi.

Idan Allah ya sa aka gama, mutumin Dutsin-Ma zai bi ta Kurfi ya isa tashar jirgi a Katsina cikin kamar awa guda, abin da kakansa bai samu ba. Amma ina roƙonku da mu da shugabanninmu mu yi tambayar da ta dace. Gini mai kyalli da kujeru masu sanyi suna da daɗi, sai dai tarihin Kano ya nuna kaya ne ke raya tasha. Shin za a yi rumfar kaya da sikeli da wurin loda dabbobi, ko tagar tikiti kawai? Shin ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu ashirin zai samu wuri, ko sai mai cika tarago? Me za mu loda? Ga riɗi, ga zoɓo, ga waken suya da ake tarawa a kasuwar Dawanau ana fitarwa waje. Ga tumatir da albasar da ruwan madatsar Zobe zai iya bayarwa idan noman rani ya samu kulawar da ta kamata. Ga tashar tsandauri a Funtuwa da wata a Zawaciki, waɗanda ba za su yi cikakken amfani ba sai jirgin kaya yana zuwa a kan lokaci. Sannan hanyar da za ta fito da amfanin gona daga ƙauye zuwa bakin titi, da tsaron da zai bar manomi ya je gonarsa. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da layin har watan Disamba, ya isa ya nuna cewa dogo ma yana buƙatar zaman lafiyar dajin da yake ratsawa.

Kafin lokaci ya ƙure, ga gargaɗi ga masu zuwa Kano da Zariya da Kaduna, da kuma mu duka idan dogo ya iso. Rashin tirjiyar nan da ya sa jirgi ke da araha, shi ne kuma ya sa ba ya tsayawa nan take. Direba yana iya hango ka, ya taka birki, jirgin ya ci gaba da tafiya mai nisa kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Direban mota da ɗan acaɓa da mai Keke Napep, idan kun zo mararrabar dogo ku tsaya, ku duba dama da hagu, ko da kun saba ganin layin shiru. Sabon jirgi ya fi tsohon gudu nesa ba kusa ba, kuma bai kai shi ƙara ba. 'Yan uwanmu makiyaya, a ƙetarar da garke ta inda aka tanada, kada a bar yara su kaɗai da shanu a bakin layi. Matasa, ba a hawa rufin tarago, ba a maƙalewa a ƙofa, ba a tafiya a kan dogo da abin sauraro a kunne. Masu sayen kayan gwangwan, duk wanda ya kawo muku ƙarfen dogo ko kusoshinsa kada ku saya, ku sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro, domin kusoshin da aka kwance suna iya kifar da jirgi da mutanen cikinsa, kuma doka tana kama mai saye kamar yadda take kama ɓarawo. Wanda kuma aka yi masa tayin fili a gefen layi, ya bincika da kyau kafin ya biya, don filin Reluwe ne, ko an daɗe sai an tashe shi.

A nan za mu dakata. Dattawan da suka taɓa kai gyaɗa awo, ko suka hau jirgin Ikko a zamaninsa, muna roƙon su ba jikokinsu labarin, mu ma a aiko mana mu karanta a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.